Gorar Sin mai tafiya ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya taɓa kiwo ko ya rufa ɗaki ya san gora. Ba goran ruwa da ake ratayawa a kafaɗa ba, gora ta sanda, mai gaɓoɓi kamar karan dawa. Irin wadda anka sani a kudancin Nijar da ƙasashen maƙwabta a dunƙule take fitowa, kamar gindin gamba. Inda ta tsira nan take zama. Jika kan tarad da ita daidai wurin da kaka ya bar ta.

A ƙasar Sin akwai wata gora mai hali dabam. Sinawa na ce mata maozhu, watau gora mai gashi, saboda gashin da ke jikin ɓawon tohonta. Mutanen Japan na ce mata moso, kuma wannan suna ne ya bazu cikin duniya. Masana tsirrai sun rubuta ta da sunan Phyllostachys edulis. Abu biyu sunka raba ta da gorar Afirka. Na farko, tana jure sanyin da ke daskarar da ruwa. Na biyu, ba ta zama inda anka dasa ta. Tafiya take yi.

Ƙidayar dazuzzuka da gwamnatin Sin ta yi tsakanin 2014 da 2018 ta nuna dajin gora ya kai hekta miliyan 6 da dubu 400 a ƙasar. Kashi 7 cikin 10 da ɗoriya duk moso ce. Mafi yawanta tana tuddan kudu, cikin lardunan Fujian, Jiangxi, Zhejiang da Hunan. Ƙauyuka da yawa a can da ita suke ci, da ita suke sutura, da ita suke sa yara lakwal.

Uwar tana cikin ƙasa

Ko da yake tana kamo tsawon giginya, moso ba icce ba ce. Ciyawa ce, dangin hatsi da dawa da rake. Kuma abin da ido ke gani bisa ƙasa rassa ne kawai. Uwar tana ƙasa.

Uwar nan wani kara ne da ke kwance cikin ƙasa, zurfin taƙi ɗaya ko biyu, kaurinsa ya ɗan ɗara babban yatsa. Mutane kan ce masa jijiya, amma ba saiwa ba ne. Yana da gaɓoɓi, kowace gaɓa da ido guda, kamar rake. Saiwoyin gaskiya daga gaɓoɓin suke fita. Bakinsa tsini ne mai tauri, yana huda ƙasa yana ci gaba, mita 1, mita 2, har fiye cikin shekara in ƙasar na da taushi. Wani ido ya zama sabuwar jijiya ta nufi wani gefe. Wani ido kuma ya kumbura ya nufi sama, shi ke zama gora. Mai garkar da ya taɓa fama da ƙiri-ƙiri, ko mai fadamar da kacalla ta cinye, ya san wannan hali sarai. Girma ne kawai ya bambanta.

Saboda haka tudu guda mai gora dubu yana iya zama tsiro ɗaya tak, duk a haɗe ta ƙasa. Abincin da ganyen manyan gora ya sarrafa cikin rana yana sauka cikin jijiya, a ajiye shi kamar hatsi cikin rumbu. In lokacin toho ya zo, da wannan ajiya ake ciyar da jarirai.

Lokacin tohon kuwa ƙarshen Maris ne da watan Afrilu, bayan ɗari ya wuce, ruwa ya jiƙa ƙasa. Toho kan fasa ƙasa da kaurin da zai tsufa da shi. Gaɓoɓinsa duka sun riga sun cika a ciki, a matse, kamar ƙoren da anka jera cikin juna. Abin da ya rage kowace gaɓa ta miƙe, kuma da yawa tare suke miƙewa. Kwanakin farko a hankali yake tashi. Sa'an nan ya saki jiki. A Japan da Sin an auna tohon da ya ƙara fiye da mita 1 cikin yini da dare guda. Wata 2 bai cika ba gora ta kai mita 15 ko 20, kaurinta santimita 10 zuwa 15. Duk wannan aiki ba ta da ganye ko ɗaya. Sai ta gama tsawo take fid da rassa. Ke nan yayyenta ne sunka ciyar da ita.

Daga nan ba ta ƙara tsawo, ba ta ƙara kauri. Tauri kawai take yi. Ta shekarar farko ruwa ce, ba ta da ƙwari. Sai ta shekara 4 ko 5 take ƙosawa. In ta kusa 10 sai ta fara komawa baya.

Sanyi bai kashe ta, nauyi ke karya ta

Ɗarin Maraɗi ba safai yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, amma mutane na kwana da wuta. Moso tana jure sanyin da ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifiri, kuma ganyenta na nan kore duk tsawon ɗari. Jijiyar kuwa ƙasa da busasshen ganye sun rufe ta, sanyi bai isa gare ta.

Abin da manoman gora ke tsoro shi ne nauyi. Kan moso yana da rassa da ganye masu yawa. In dusar ƙanƙara ta taru a kai sai gora ta sunkuya har ƙasa. An ga haka cikin Janairu da Fabrairu na 2008, lokacin da ruwa mai daskarewa ya yi makonni yana sauka a kudancin Sin. Kowane reshe ya yi rigar ƙanƙara. Wasu gora sunka lanƙwashe, wasu sunka tsage tsaye, wasu sunka tuge da gindinsu. Hasara ta yi yawa a Hunan da Jiangxi. Amma uwar ba ta mutu ba. Itatuwan katako da sunka karye sai da anka sake dasa su, a jira shekaru. Dajin gora kuwa da kansa ya sake tohowa, sai dai inda manya sunka karye da yawa tohon baya ya fito sirara, don masu ciyar da shi sun ragu.

A gundumar Anji, cikin lardin Zhejiang, manoma sun daɗe da dabarar wannan. Kafin ɗari ya shigo sukan ɗaura lauje a bakin doguwar sanda, su sare kan sabbin gora, su bar mata rassan da za su ishe ta. Kai ya yi sauƙi, ƙanƙara ba ta samun wurin zama. Kawunan da anka sare ba a zubarwa, da su ake ɗaura manyan tsintsiyoyin shara.

Kowace gora da shekararta a jiki

Wanda ya shiga dajin gora a Anji zai ga baƙin rubutu a jikin kowace gora. Ba ado ba ne. In sabuwar gora ta yi ƙwari, mai daji kan zo da alƙalami da tawada ya rubuta mata shekarar da ta fito da alamar gidansu. Tun farkon shekarun 1980, da anka raba dazuzzukan gandun jama'a gida-gida, alamar gida ta ƙara daraja, don iyaka bisa tudu ba ta hana jijiya wucewa.

Amma shekarar ta fi alamar amfani. Gorar shekara 2 da ta shekara 6 kusan kamarsu ɗaya ga baƙo, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Wanda ya sare ta shekara 2 ya yi hasara biyu. Abin da ya sara ba ya da ƙwari, zai motse ya tsage, ƙwari su mai da shi gari. Kuma ya cire wadda ke ciyar da uwa, tohon baɗi zai ragu. Wanda ya bar tsohuwa ta wuce lokaci shi ma ya yi hasara, don tana cin abinci, tana tare rana, ba ta ba da komi. Don haka ƙa'ida ita ce a bar ƙanana da matasa, a sare wadda ta kai shekara 5 zuwa 7. Rubutu ke hana gardama.

Sara kuma da lokacinsa. Cikin ɗari ake yi, sa'ad da ruwan jikin gora ya ja baya, ƙwari sunka kwanta. Gorar da anka sare lokacin toho zaƙi gare ta, ƙwari na son ta. Waɗansu kan jiƙa ta cikin ruwa makonni don zaƙin ya fita, masana'antu kuma su dafa ta ko su sa mata magani.

Akwai wani hali da kowane mai dajin moso ke lissafi da shi. Shekara guda toho ya yi yawa, shekara ta biyu ya yi kaɗan, kamar yadda mangwaro kan yi. Dalili shi ne gora kan canza ganyenta shekara biyu-biyu, kuma a daji guda kusan duka tare suke canzawa. Saboda haka manoman Sin ba su ƙidaya shekarun gora ɗaya-ɗaya, biyu-biyu suke ƙidayawa. Sara da haƙa da zuba taki duk bisa wannan lissafi suke tafiya. Tsakanin haka ana kaftu, a sassauta ƙasa, a tono tsofaffin kututture da matattun jijiyoyi don sababbi su sami hanya.

Tohon da ake ci

Mutanen Gaya sun san muruci, tsiron giginya da ake haƙowa a dafa. Tohon moso haka yake ga Sinawa da Japanawa, sai dai shi cikin miya da nama yake shiga. Iri biyu ne. Akwai na ɗari, wanda bai fasa ƙasa ba tukuna. Ƙarami ne, fari, mai taushi, kuma shi ya fi tsada. Gano shi sana'a ce: gwani kan dubi inda kan gora ya karkata da ɗan tsagewar ƙasa, ya taka da ƙafa, ya haƙa a hankali kada ya ji wa jijiya ciwo, ya mai da ƙasa ya rufe. Akwai kuma na Maris da Afrilu, babba, mai arha. A nan ma ba a haƙa barkatai. Masu ƙarfi da sunka fito wuri mai kyau ana barinsu su zama gora. Raunana, waɗanda da ma ba za su kai ba, su ake ci. Wanda ya yi yawa a shanya shi, ko a sa gishiri, ko a kai masana'anta a zuba cikin gwangwani.

Ɗanyen toho ba a cinsa. Yana da dafi irin na rogo mai ɗaci. Sai an ɓare, an dafa sosai, an zubar da ruwan. A Japan tare da dusar shinkafa ake dafa shi don ta janye ɗacin, kuma ranar da anka haƙa ake dafawa, don in ya kwana ɗaci ƙaruwa yake yi. Manoman kewayen birnin Kyoto kan shimfiɗa tattakar shinkafa su bi ta da ƙasa kowace shekara, toho ya daɗe cikin duhu ya fito fari fat.

Rijiyar da ta wuce gaba 500

Cikin moso rami ne, sai a gaɓa yake toshe. Wannan ya sa ba ta da nauyi, ga ƙarfi. In an huda gaɓoɓin ta zama bututun ruwa. In an ɗaure da yawa ta zama jirgin fito. In an tsaga ta biyu ta zama sandar dako da ake ratayawa a kafaɗa, kaya gaba da baya. In an tsaga ta sirara a saƙa kwando, tabarma, matankaɗi da malafa. Ana yin takarda da ita, ana yin gawayi. Tsinken cin abinci na Sinawa da ita ake yi, haka kuma tsinken sakace da yawa da ƴan tireda ke sayarwa cikin ƴan robobi.

Aikin da ya fi ban mamaki shi ne na masu gishiri a Zigong, cikin lardin Sichuan. Ruwan gishirinsu yana can ƙasa da nisa, ƙarƙashin dutse. Sai su ɗaura ƙarfe mai nauyi a igiyar da anka yi da tsagaggiyar gora, maza na taka wani katako, ƙarfen na tashi yana faɗawa, yana niƙa dutse kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Bakin rijiyar bai fi ƙaramar tasa ba. A 1835 rijiyar da ake kira Shenhai ta wuce zurfin mita 1000.  Wannan ta wuce gaba 500, ba inji, ba lantarki. Gugan ma doguwar gora ce mai murfin fata a gindi, dabbobi na juya dabaran da ke jawo ta. Bututun gora ke kai ruwan gishirin wurin dafuwa. Igiyar gora ta fi ta rama a wannan aiki, don ruwa bai sa ta saki.

A yau masana'antu ne ke shan mafi yawan moso. Ana tsaga ta, a fere, a dafa, a busar, a shafa gam a matse da inji, ta fito katako sumul na daɓen ɗaki, tebur da ƙofa. A Hong Kong an daɗe ana kafa matakalar magina da gora har bene mai hawa da yawa, moso ce ginshiƙai. A 2025 hukumar birnin ta ce aƙalla rabin sababbin gine-ginen gwamnati su koma ga ƙarfe. A 2022 kuma gwamnatin Sin da ƙungiyar INBAR, mai kula da sha'anin gora a duniya, wadda anka kafa a 1997 da mazauni a Beijing, sunka fito da shirin maye kayan roba da na gora.

In an bar ta, gonar maƙwabci take shiga

Moso ba ƴar asalin Japan ba ce. Labarin da ya fi shahara shi ne a 1736 anka kai ta Kagoshima, a kudancin ƙasar, ta hanyar tsibiran Ryukyu. Daga nan manoma sunka riƙa dasa ta bayan gari don toho da aikin hannu. Fiye da shekara 200 ba ta dami kowa ba, don kowace shekara ana haƙa, ana sara.

Daga shekarun 1970 zuwa 1980 abubuwa sunka juya. Roba ta kori kwando. Dafaffen toho mai arha ya riƙa shigowa daga Sin. Samari sunka tafi birni, tsofaffi sunka kasa hawan tudu. Gora ba ta san an bar ta ba, ta ci gaba da tafiya. Ta shiga gandun itatuwan katako, ta shiga gonakin shayi da na ƴaƴan itace. Iccen da ya yi shekara 20 kafin ya kai mita 15, gora ta kamo shi cikin wata 2, ta yi masa inuwa har ya bushe. Cikin dajin da anka bari duhu ne, matattun gora sun faɗi sun gicciye, mutum ba ya ratsawa, sai aladun daji da ke zuwa tonon toho, daga nan su faɗa gonaki. Ko a Sin, inda farashin gora ya faɗi cikin shekarun 2010 kuma ladan ɗan ƙodago ya tashi, an fara ganin tuddan da masu su sunka daina kula da su.

Fid da ita ba aikin rana guda ba ne. Sara ɗaya ba ya yin komi, don rumbun na ƙasa. Sai an sare duka, sa'an nan a karya duk tohon da ya fito, shekara 3 ko fiye, har uwa ta cinye ajiyarta ta mutu. Masu dasa ta kusa da gida kan gina rami kewaye da ita, ko su binne roba mai kauri zurfin santimita 60 ko fiye. Rafi ma na tsai da ita, don jijiyar ba ta son ruwan kwance. A Amurka, inda anka dasa danginta don ado, rigimar maƙwabta ta kai jihar Connecticut ta kafa doka a 2013: wanda gorarsa mai tafiya ta ƙetare iyaka, shi ke biyan kuɗin cire ta.

Huda kuwa ba ta cika yi ba. A Japan an shuka irinta a 1930, ba ta yi huda ba sai 1997, bayan shekara 67, kuma wadda ta yi huda mutuwa take yi. Shi ya sa ba a jiran iri. Matashiyar gora ake haƙowa tare da guntun jijiyarta gaba da baya, a dasa.

Ko za ta yi a Nijar?

Ba za ta yi ba. Moso na son ruwan sama milimita 1200 zuwa 1800 a shekara, kuma a rarrabe, musamman lokacin toho. Maraɗi na samun wajen 500, Damagaram da Tawa ba su kai haka ba, Gaya da ta fi kowa wajen 800, duk cikin wata 3 ko 4. Watan da moso ke neman ruwa ta yi toho, Afrilu, shi ne tsakiyar bazara a Nijar. Bayan haka tana bukatar ɗari na gaske kowace shekara. Ko a ƙasashe masu ruwa, in zafi ne kullum, ba ta yin girma. Wanda anka zo masa da labarin iccen da ke tashi mita guda a yini, a ce ya sayi dashe, kuɗinsa zai zubar.

Gorar gida, wadda masana ke kira Oxytenanthera abyssinica, ita ta saba da rani. Ana samunta daga Senegal har Habasha. In rani ya yi tsanani takan zubar da ganye ta jira ruwa. Ba ta kai moso tsawo ba, amma cikinta kusan a toshe yake, shi ya sa take yin sanda da tankar ɗaki. Kuma ba ta shiga gonar kowa. Ita ma abin da ke ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da tohonta, ita ma manyan ke ciyar da ƙanana, don haka gindin da anka aske duka lokaci guda, ko wuta ta ci kowace shekara, ƙanƙancewa yake yi. Ana yaɗa ta da iri in an samu, ko a raba gindi farkon damina a dasa bakin gulbi ko gefen fadama inda ruwa bai kwanciya. Shekarun farko sai da shinge, don awaki da shanu na son tohonta. Wajen sara a ɗauki waɗanda sunka shekara 3 ko fiye, galibi suna tsakiyar gindi, launinsu ya dushe. Masu sheƙi na gefe, waɗanda ɓawo ke manne da su, na bana ne da na bara.